Abin Kunnen Malam Ɗayyabu

Akwai wani dattijo a Funtuwa, Malam Ɗayyabu, tsohon hedimasta. Makarantar da ya riƙe tana hanyar Bakori, ko kuwa hanyar Zariya ce. An daɗe, kuma makarantun duk fenti ɗaya ake yi musu. Abin da dai ba a mantawa game da shi abu biyu ne, hularsa da rediyonsa. Hular, babu wanda zai ce ya taɓa ganin tsakiyar kansa sai wanzami, shi ma sai an sakaya ƙofar zaure. Rediyon kuwa baƙi ne mai hannu, eriyarsa ta karye tun tuni aka ɗaure ta da igiyar roba, amma yana kamo tasha kamar jiya aka sayo shi.

Da shekaru suka ja, sai kunnen Malam ya yi nauyi. Shi bai yarda ba. Cewa yake ma'aikatan gidan rediyo ne suka koma magana ƙasa-ƙasa, don yaran yanzu ba sa cin tuwo. Saboda haka kowace shekara yana ƙara murɗa maɓalli, har ta kai maƙwabta sun daina sayen batir. In lokacin labarai ya yi, sai su shimfiɗa tabarma gindin katangarsa, su sha labarin duniya kyauta.

Ana nan sai autarsu Nusaiba ta haihu, haihuwar fari, namiji. Bayan suna aka kawo ta gida wankan jego, ta zauna wajen uwarta Hajiya Yalwa har ta yi arba'in, kamar yadda aka saba. Ɗakin da aka sauke mai jego kuwa bango ɗaya ya raba shi da ɗakin Malam. Jaririn kuma Allah ya yi shi da kunnen zomo. Ko cokali ya faɗi sai ya farka, in ya farka kuma sai an yi zagayen tsakar gida da shi har ƙafa ta gaji.

Kwana uku Hajiya Yalwa tana haƙuri. Ran na huɗu ta kawo wa Malam kunu da safe, ta ajiye, ba ta fita ba. Ta zauna bakin ƙofa.

"Malam, maigida ne ya aiko ni."

"Wane maigida? Gidan nan maigida nawa gare shi?"

"Angona mana. Sabon."

"Wannan da ko haƙori ba shi da shi?"

"Kai nawa suka rage maka?"

Malam ya kurɓi kunu. Ya ce, "To, me kishiyan nawa yake so?"

"Barci yake so. Ita ma uwarsa barci take so, ni ma haka. Yarinya ta sha ruwan zafi safe da yamma, ta samu ta kwanta, sai wani ƙato daga wata ƙasa ya hau gaya mata farashin man fetur. Daga yau har a yi arba'in, in na ƙara jin muryar rediyon nan a gidan nan, adakata zai shiga, mabuɗin kuma yana haɓar zanena."

"In koma zaure da shi."

"Ai daga zauren ma har masallaci ake ji."

Malam ya san Hajiya. Shekara arba'in da wani abu suna tare, bai taɓa ganin abin da ya shiga adakar nan ya fito kafin lokacinsa ba. Ya lissafa kwanakin da suka rage a yatsa, ya ga wata guda ne cur. Wata guda babu labarai, babu shirin manoma, babu shirin muhawara na bayan la'asar wanda ko ranar da aka cire masa haƙori bai bari ya wuce shi ba. Kunun ya fita daga ransa.

Nusaiba ce ta ji tausayinsa. Daga cikin ɗaki ta ce, "Baba, ai akwai abin kunne. Hedifon. Ka soka igiyarsa a jikin rediyon, ka ɗora a kunnenka, kai kaɗai za ka ji."

"Ni kaɗai?"

"Ko wanda ke zaune kusa da kai ba zai ji ba, in ka samu mai kyau."

Hajiya Yalwa ta ce, "In ka samu irin wannan, ba ruwana. Ni dai sharaɗina ɗaya ne, kada in ji rediyo."

Washegari, ko jibin ranar, Malam ya naɗe rediyo a tawul, ya saƙala a hammata, ya nufi kasuwa. Aljihunsa ba nauyi. Ɗan fansho ne, kuma haihuwa ta riga ta yi masa sata da rana tsaka. Ya wuce 'yan tireda, ya wuce inda a da ake sayar da fitilun ƙwai, waɗanda yanzu ko a hoto yara ba su san su ba, har ya kai layin masu kayan lantarki. Nan ya tsaya shagon Mujitaba, wani magidanci mai furfura a gemu, wanda ya yi aji huɗu a hannun Malam har sau biyu.

Mujitaba na ganinsa ya miƙe, ya rusuna, ya goge benci da hannun rigarsa.

"Ranka ya daɗe, Hedimasta. Gyara aka kawo?"

"Lafiyarsa ƙalau, ya fi ka lafiya. Abin kunne nake so. Mai sauƙin kuɗi, wanda ba ya yoyon magana."

"Allah mai iko. Malam, yau kai ne ka kawo mini kunnenka? Ka tuna nawa na hagu? Har yau ya fi na dama tsawo."

"Da ban ja shi ba, da yanzu ba ka iya ba da canji. Fito da kaya."

Mujitaba ya fara fito da wasu 'yan ƙanana farare, kamar ƙwayar wake a bakin zare. Ya ce waɗannan su suka fi arha, cusa su ake yi cikin kunne. Malam ya juya su a tafin hannu, ya mayar.

"Kunnena ba kwalbar man gyaɗa ba ne da za a yi masa toshi. In ɗaya ya shige ciki, kai za ka bi shi? Ba ni babba, irin na masu tuƙa jirgin sama."

Aka sauko da wani ja mai sheƙi, yana ƙyafta wuta shuɗiya a gefe. Mujitaba ya ce wannan ba ya buƙatar igiya, ta iska yake kamawa, sai dai a riƙa yi masa caji. Malam ya tambaya ko zai kama rediyonsa ta iskar. Mujitaba ya dubi rediyon, ya dubi igiyar robar da ke jikin eriya, ya ce a gaskiya sun yi nisa da juna a shekaru, ba za su fahimci juna ba.

"Dama ko da zai kama ba na so," in ji Malam. "Wutar unguwarmu baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta sallama in za ta tafi. Kuma ni da girmana in zauna kaina yana walƙiya kamar motar amarya? Kawo mai igiya."

Na uku baƙi ne ƙato, soson kunnensa kamar gammo. Aka soka igiya a ɗan ramin da ke gefen rediyo, ramin da Malam ya shekara arba'in yana zaton na shan iska ne. Sai kuma aka zo wajen ɗorawa, nan aka yi cirko-cirko. Abin yana da baka mai lanƙwasa wanda ke hawa ta tsakiyar kai, ga kuma hula a tsakiyar kan, doguwa, ta sha guga da kari.

"Malam, sai ka ɗan cire hular."

"A ina?"

"A nan. Minti ɗaya ne."

"A tsakiyar kasuwa? Mujitaba, ashe aji huɗun nan bai ishe ka ba."

"Ba mai kallo, Malam."

"Rabin mutanen layin nan ni na koya musu karatu. Mai shagon can, da wancan mai ɗaukar janareto, duk sun taɓa durƙusawa a ofishina. Shekara talatin da biyar suna cacar abin da ke ƙarƙashin hular nan. Ba yau za su ci ba."

Mujitaba ya gwada zagayo da bakan ta ƙeya, abin ya zame ya faɗo wuya. Ya gwada ta ƙarƙashin haɓa, Malam ya ce shi ba doki ba ne da za a sa masa linzami. Daga nan sai zaɓen ya sauya hanya. Aka daina maganar sauti, aka koma neman wanda bakansa zai buɗe ya haye hula ba tare da ya ɓata mata kari ba. Ƙaton baƙin ya haye, amma ya danne ta a tsakiya, ta rabu biyu kamar malmalar tuwon da aka sa wa hannu. Da aka kunna kuma, muryar mai magana ta fito kamar daga cikin randa, gum-gum, sai ƙirji ke amsawa.

"Wannan na masu jin kiɗa ne," in ji Mujitaba. "Samari suna son sa, yana da ƙarfin ganga."

"Ni magana na zo ji. In ganga nake so na san gidan makaɗa."

Aka kawo wani mara nauyi, mai ƙananan huji a bayan kowane kunne. Wannan ya yi wa Malam daɗi: magana tar, kunne yana shan iska, ba gumi. Har ya fara gyaɗa kai. Sai ya tuna da adaka. Ya sa Mujitaba ya koma bakin ƙofar shago ya juya baya.

"Me kake ji?"

"Ana cigiyar wata akuya mai baƙin kunne, Malam. Ta ɓata ranar Talata."

Malam ya cire shi da sauri kamar ya taɓa garwashi. "Wannan rariya ce. In kai da kunnuwanka marasa daidaito ka ji daga can, Hajiya daga madafi za ta ji."

Sai can ƙasan kwali Mujitaba ya zaro wani mai ruwan toka, ba ado, ba wuta, ba sunan kirki a jikinsa. Ya ce ya daɗe a shagon, samari ba sa kallonsa. Bakansa yana zuguwa ya ƙara tsawo, ya haye hular lafiya lau, ko taɓa karinta bai yi ba. Sosonsa ya rufe kunne ruf, ya zagaye shi kamar murfin kwano. Igiyarsa kuma doguwa, mutum zai iya kishingiɗa rediyo yana kan taga.

Malam na ɗora shi, kasuwa ta ɗauke. Ga bakin Mujitaba yana motsi, ga masu babur suna wucewa, ga mai injin niƙa can yana fama, amma duk kamar a mafarki. Sai muryar mai cigiya kaɗai, a tsakiyar kansa, kowane harafi da gefensa. Rabon da ya ji magana haka tun kafin ya bar aiki. Ya sa Mujitaba ya kawo kunne daf da nasa, na hagun, mai tsawon. Mujitaba ya saurara, ya girgiza kai: ko ɗigo.

Malam ya ɗaga gefe ɗaya. "To kiran salla fa? Kada in sayi abin da zai raba ni da jam'i."

"Ladaninku mai lasifika huɗu? Malam, ko rijiya ka shiga sai ya same ka."

"Gumi fa?"

"Zai sa gumi. Kayan arha dole ya bar maka abu ɗaya da za ka yi haƙuri da shi. In ya dame ka, ka ɗaga ka share."

Suka yi ciniki irin na malami da ɗalibi, wato Malam ya faɗi abin da zai bayar, Mujitaba ya sallama, ya ce Allah ya sa albarka. Malam ya naɗe rediyo da abin kunne a tawul ɗaya, ya koma gida yana tafiya kamar wanda ya ci shari'a.

Bai ce wa kowa komai ba. Ya yi sallar la'asar, ya shiga ɗaki, ya saki labule, ya ɗora rediyo a taga, ya soka igiya, ya daidaita bakan a kan hula, ya kishingiɗa. Ya murɗa maɓalli iyakar son ransa. A ransa yana cewa, yau za a ga wanda ya fi wani dabara, tsakanin tsohon maigida da sabo.

Shirin muhawara ne. An gayyato wani matashi da aka ce masanin ilimi ne, yana da digiri har uku. Da farko Malam yana jin daɗinsa, don muryarsa tana fita sarai. Sai masanin ya ce, a bincikensa, sa yara haddar jadawalin lissafi ɓata lokaci ne, tsohon yayi ne, malaman da suka yi hakan sun cuci yara ba su sani ba.

Malam ya tashi zaune.

Abin da bai sani ba, a daidai lokacin akwai baƙuwa a tsakar gida. Hajiya Ladidi ce, uwar mijin Nusaiba, ta taso takanas daga garinsu da sabulu da yaji da garin kunu, ta zo duba mai jego. An shimfiɗa mata sabuwar tabarma, an miƙa mata jikanta, wanda da ƙyar aka samu ya yi barci. Gidan tsit, har ana jin tafasar ruwan wanka a tukunya. Hajiya Yalwa tana cikin cewa ai gidan nan kullum haka yake, shiru, Malam ba mai son hayaniya ba ne, sai wata murya ta tsaga labule.

"Ƙarya kake yi. Wa ya koya maka?"

Muryar ba ta rediyo ba ce. Muryar da ta shekara talatin da biyar tana tsayar da yara ɗari shida a filin taro ce, ba lasifika. Mai ita kuma yanzu ba ya jin kansa ko kaɗan, saboda haka ya sake ta gaba ɗaya.

"Tsaya nan. Bakwai sau takwas? Ina jin ka. Bakwai sau takwas, mai digiri uku?"

Shiru.

"Ka gani? Ba ka sani ba. Tara sau shida? Kada ka duba yatsunka."

Jariri ya buɗe ido, ya buɗe baki. Kaji suka watse daga gindin turmi. Hajiya Ladidi ta dubi labulen, ta dubi Hajiya Yalwa, ta sassauta murya.

"Hajiya, baƙo Malam ya yi?"

"Babu kowa."

"To, da wa yake?"

Kafin a samu amsa, muryar ta sake tashi. "Miƙo hannunka. Ɗaya hannun. Gobe ka zo mini da ubanka."

Hajiya Ladidi ta miƙa wa Nusaiba jaririn a hankali, ta matso kusa da Hajiya Yalwa, ta dafa gwiwarta. "Kada ki ji kunyata, an zama ɗaya. Tun yaushe abin ya same shi? Akwai wani malami a garinmu, rubutunsa yana da kyau a kan irin wannan. Wan mahaifinmu ma haka ya fara, shi da awon hatsi. Ba wanda zai ji daga bakina."

Malam dai yana can ya kai sha biyu sau sha biyu, ya kusa kai masanin ƙasa, sai ya ga haske ya shigo ɗakin. Labule ne aka ɗaga. Ga Hajiya Yalwa tsaye, bakinta yana motsi. Bayanta, can a kan tabarma, ga surukarsa ta sunkuyar da kai tana jan carbi da sauri. Ya yi murmushi, ya ɗaga abin kunnen. Nan take kukan jariri ya cika masa kunne.

Ya gyara murya ya gaisa da Hajiya Ladidi daga nesa, ya tambayi mutanen gida da gajiyar hanya. Ta amsa ba ta ɗago ba, ta ƙara da cewa Allah ya ba shi lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Bai gane dalilin addu'ar ba, amma ya ce amin, don addu'a ba ta yin yawa. Sannan ya juyo wajen matarsa, ya nuna rediyon da ke kan taga, shiru kamar dutse.

"To, Hajiya, ki faɗi gaskiya saboda Allah. Kin ji rediyo?"

"Ban ji ba."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo."

"Sharaɗi ya cika ke nan. Wannan kukan kuma ki tambayi angonki, halinsa ne, ba ruwan rediyona. Ni tun da na shigo ɗakin nan ina zaune shiru, ko tari ban yi ba."

Nusaiba ta juya fuska bango, kafaɗunta suna rawa. Hajiya Yalwa ta dube shi, ta dubi baƙuwar, ta dubi igiyar da ta taso daga taga zuwa wuyansa. Ta daɗe tana kallon igiyar.

"Haka kake yi kullum in ana shirin nan?"

"Haka nake me? Saurare nake, kamar kowa."

"Shekara arba'in?"

"Da ɗoriya. To, yanzu kuma mene ne laifina? Adakar ce dai kike son buɗewa ko ta halin ƙaƙa?"

Hajiya Yalwa ta shigo, ta kama igiyar ta zare daga jikin rediyon. Muryar masanin ta cika gidan har zaure.

"Bar shi haka, Malam, ka ƙara masa ma in da hali. Ashe duk shekarun nan ba damun mu yake yi ba, asirinka yake rufawa."